Bari In Kira Sista

Ku yi haƙuri da ni. Ban taɓa rubuta labari ba, karatu kawai na iya. Amma labarin Yayata ne, in ban faɗa ba zai yi ta cina.

Yaya ta daɗe tana taimaka wa nas-nas a ɗakin tsofaffin mata. Ita ce wanka, ita ce canjin zanin gado, ita ce juya waɗanda ba sa iya juyawa. Da asibitin ya buɗe tsarin koyo a bakin aiki, inda mataimaka ke aiki suna karatu har su zama nas, sai ta shiga.

A barandar asibitin ta haɗu da masoyinta. Tana neman wanda za ta gwada awon jini a kansa, sai direban motar ɗaukar marasa lafiya ya miƙo hannu.

"Malam, jininka ya hau fa," ta ce.

"Lafiya lau yake kafin ki taɓa ni."

Tun ranar ta sa masa suna Jiniya, shi kuma yana ce mata Sista-saura-ƙiris.

Da ya turo manyansa, Baba ya ce sam. Babbar yayarmu ta bar karatu saboda aure, abin bai bar ransa ba.

"Ta ci jarrabawar zama nas, ta sa fararen kaya, ku dawo. In ta faɗi, kada in ƙara jin ƙarar motarsa a ƙofar gidana."

Ta faɗi a karon farko. Jarrabawar a gaban gado ake yi, malama na tsaye tana kallo. Numfashin wata tsohuwa ya canja, Yaya ta san abin yi sarai, amma bakinta ya riga ta.

"Bari in kira sista."

Abin da ta yi shekaru tana faɗa ke nan, don mataimakiya ba ta yanke hukunci. Malamar ta ce, "Wace sistar? Yau ke ce."

Dama ɗaya ta rage mata. Yaya ta kashe waya, ta daina cin abinci. Gwaggo kuwa ta fara zarya tana tallar wani mai kantin magani, wai shi babu ruwansa da jarrabawa. Da zancen ya kai kunnen Jiniya, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Safiyar jarrabawa ta biyu na matsa mata ta kunna wayar. Saƙonni biyu ta tarar daga Jiniya.

"Sanyin idona, in mai kantin kika zaɓa, Allah ya sa alheri. Amma ki je ki ci jarrabawarki, ba don ni ba."

"Kuma in kin waiwaya neman sista, babu kowa a bayanki. Ke muke jira."

Ta amsa masa: "Wane mai kanti? Ka yi min addu'a kawai, sarkin surutu."

Wannan karon wata mai ciwon suga ce ta jiƙe da gumi, tana karkarwa, maganarta na harɗewa. Yaya ta ce min har ƙafarta ta juya wajen ƙofa.

"Bari in..."

Malamar ta ɗago kai.

"Bari in auna suganki, Mama."

Ya yi ƙasa sosai. Ta tallafo ta, ta ba ta ruwan suga a hankali, ta dubi wata mataimakiya ta ce a kirawo likita. Ita ba ta gusa daga gaban gadon ba.

Ranar da ta shigo gida da fararen kaya, Baba ya daɗe yana goge tabarau, wai ƙura ce.

"Ki ce wa mai jiniyar nan ya turo manyansa. Amma ya kashe ta tun daga bakin titi."

An ɗaura aure. Ana tsakiyar taro ango ya leƙo ya ce, "Sista!" Yaya ta waiwaya bayanta tana neman wadda ake kira, gida ya ɗauki dariya, har da Gwaggo.

"Ke nake nufi," ya ce a hankali. "Ƙiris ɗin ya cika."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ni dai, tun kafin wani ya tambayi abin da nake ta rubutawa a bayan labule, na ɗauki takalmina a hannu na bi ta ƙofar baya.