Wanda Ya Danne Raunin

"Kowa ya kwanta!"

Rana tsaka, kantin wayoyi cike da jama'a. Gatari, shugaban gungun, ya haye kan kanta yana zuba kaya a buhu. Bahago na tsare da ƙofa, bindigarsa ba harsashi ko ɗaya. Kullum haka yake, sai ya zare su a ɓoye kafin a fita aiki. Ɓarawo ne, bai taɓa musu ba, amma yana so ya riƙa iya haɗa ido da uwarsa.

Mai kantin, wata dattijuwa, ta kai hannu ta fizge ƙyallen fuskar Gatari.

"Bahago, ta gan ni. Gama da ita."

"Oga, mu ware kawai."

"Kai gara ne? Ko ka kashe ko ba ka kashe ba, igiya ɗaya ce in aka damƙe mu. To don me za mu bar shaida?"

Bahago bai ɗaga hannu ba. Gatari ya ɗaga nasa — tau! Jiniya ta taso daga kwana, 'yan fashin suka faɗa mota, taya ta yi ƙara.

Ban da Bahago. Ya cilla bindiga ƙarƙashin kanta, ya yar da ƙyallen fuskarsa, ya tuɓe riga ya danne wa dattijuwar raunin da ke cikinta. 'Yan sanda suka ɗauka mai sayayya ne.

"Sannu, bawan Allah," in ji sajan. "Kar ka saki. Shiga mota."

A asibiti ƙofa a buɗe take, ba mai tsaronsa. Ya kasa tafiya sai ya ga ta buɗe ido. Da ta buɗe, shi ta fara nema, ta kamo hannunsa a gaban sajan.

"Yallaɓai, ku kula min da yaron nan. Shi aka ce ya harbe ni, ya ƙi."

Godiya ta yi, baiwar Allah. Sajan ya zaro ankwa.

A kotu dattijuwar ta zo tana dogara sanda, ta roƙa har muryarta ta dishe. Alƙali ya cire tabarau, ya ce fashi da makami hukuncinsa ɗaya ne, kisa, doka ba ta ba shi zaɓi ba. Mahaifiyar Bahago ta sulale ƙasa, mai kantin ce ta tare ta.

Mai kantin ta same shi a kurkuku, ƙarfe a tsakaninsu.

"Ɗana, bakina ne ya kashe ka."

"Inna, da ban tsaya ba, da babu bakin. Ki riƙa leƙa tsohuwata."

Kuka ya ci ƙarfinta. Shi ma yana son ransa, ya juya mata baya don kar ta ga haka.

Gatari ba a taɓa kama shi ba. Ranar da labarin rataya ya iso masa, yana raba wa sababbin yaransa harsashi. Ya duba bindigar kowa da hannunsa.

"Kun dai ji yadda mai tausayi ya ƙare," in ji shi.