Makaɗin Da Ya Ja Kunya

A can wani zamani an yi wani makaɗin noma, wanda in ya buga ganga ko rago sai ya ɗauki garma. Ran nan aka kira shi gayya wani ƙauye mai nisa.

Ya buga, ya buga, manoma sai haki suke, aiki ba ya gaba. Ya ƙara sauri, suka fara yar da garma, ga hadari ya haɗo.

Ya dubi tsohon mai gonar ya ce, "Baba, a garinmu da wannan kiɗa ake gama gona kafin azahar. Me ya faru?"

Tsoho ya miƙa masa garma. "Ja kunya ɗaya, ɗana."

Mutane suka yi dariya, amma ya karɓa. Ashe laka ce, ba yashi irin na garinsu ba, sai ta riƙe garma kafin ta saki. Ya sara ya saurara, ya sara ya saurara.

Da ya kai ƙarshe, ya rataya gangarsa, ya buga a hankali. Garmuna suka tashi tare, suka sauka tare.

Tsoho ya ce, "Yauwa! Yanzu gonata kake wa kiɗa."