Ƙofar da Jatau Ya Fasa

Ga ta nan, ga ta nanku, ƙannena.

Ta zo mu ji ta, Yaya.

To ku matso kusa.

Tsohuwar jami'ar nan da kuke jin sunanta, a da kurmi ce. Da ɗalibai goma sha biyu aka kafa ta. Wani magini, Jatau, shi aka ba aikin ɗakin karatu na farko.

Magina suna da al'ada. Kafin su sa diga a sabon wuri sai su yi sallama, su ba mazaunan da ido ba ya gani kwana uku su kwashe kayansu. Jatau ya san haka sarai. Amma damina ta ƙarato, ana ta matsa masa. Ran da aka nuna masa fili, ran nan ya haƙa.

Gini ya kai kafaɗa. Wata Laraba da almuru, leburori sun watse, ya koma ɗauko cokalinsa na gini. Sai ga wani dattijo zaune a tsakar ɗakin, da littafi bisa cinya. Babu iska, amma shafukan na juya kansu.

"Baba, an tashi aiki."

"Mu yanzu muke zama."

Bakin dattijon ne ya motsa, amma daga bayan Jatau muryar ta fito. Jatau ya sunkuyar da kai. Diddigen tsohon na gaba, yatsun na baya.

"Shekara ɗari huɗu muna darasi a nan. Ka toshe mana hanya. Ɗalibaina suna waje."

Jatau ya kasa kunne. Bayan bangon yamma, muryoyi ƙasa-ƙasa suna biya karatu.

"Tuba nake, Baba. Ban sani ba."

"Ka sani."

Dattijon ya riƙe masa hannun dama. Sanyi ya ratsa har ƙashi, hannun ya saki.

"Da shi kake ci, ko? In ka buɗe mana hanya, ya dawo."

Da hagu Jatau ya ɗauki guduma, yana hawaye yana dukan aikinsa. Da bangon ya fashe, wasu suka dinga wucewa ta gefensa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ƙanshin tsohuwar takarda. Bai ɗaga ido ba.

Hannun ya dawo, ban da ƙaramin yatsa. Shugaban jami'ar ya ce a toshe kafar, aka rasa maginin da zai yarda.

Tana nan har yau, ba ƙyaure. In Allah ya kai ku karatu can, kada wanda ya bi ta wajen shi kaɗai bayan la'asar. In kuka ji an kira sunanku a yi muku ƙarin karatu, kada ku amsa.

Ƙurunƙus kan kusu. Ku tofa addu'a ku kwanta.