Tebur na Sha Uku

Da ƙarfe takwas na safiyar biyu ga Nuwamba aka gano satar. Manaja Valdivia ne ya buɗe kabad ɗin ɗakin cin abinci na otal ɗin da ke kan dutse, sama da garinmu Yanque, ya ga gurbi. Kafin tara Saja Rosalía Checca, 'yar sandan garinmu, ta iso tana haki, ranta a ɓace. Ranar ziyarar kaburbura ce, mahaifiyarta na jiranta da furanni.

"Me ya ɓata?" ta tambaya.

Valdivia mutumin birnin Arequipa ne, watansa biyar da zuwa, har yau yana mana magana da ƙarfi kamar mu kurame ne. Ya lissafa: faranti na tangaran mai bakin zinariya, wuƙar kifi da cokali mai yatsu na azurfa, kofin gilashi, da ƙyallen goge baki.

"Ɗaya-ɗaya?"

"Ɗaya-ɗaya. Kuma na san ɓarauniyar. Nélida ce, mai wanke-wanke. Kafin baƙi su zauna cin abinci da ƙarfe ɗaya zan sallame ta, ke kuma ki tafi da ita."

Saja ta duba kabad ɗin. Ba a ɓalle kwaɗon ba. Cokulan azurfa cike da aljihun tebur, a jere, suna ƙyalli. Makulli uku ne, in ji manaja: nasa, na kuku Wilber, da na don Anacleto, shugaban masu kai abinci, wanda ke hutun kwana biyu.

Ta sami Nélida a bayan kicin, hannuwanta sun yi ja saboda ruwan sanyi. 'Ya'yanta biyu, mijinta ya tafi haƙar ma'adinai bai sake waiwayarsu ba, wannan aikin ne kaɗai ke riƙe da gidan.

"Kin ɗauka?"

"A'a, Saja."

"Kina da makulli?"

"Ni? Ko ɗakin ba na shiga."

"Kin san wanda ya ɗauka?"

Nélida ta sunkuyar da kai ta ci gaba da dirje tukunyar da ta riga ta fita tas.

"To, wane faranti ne babu? Na saman jeri?"

"Na can ƙasa ne. Ba a sa wa baƙi shi, ya ɗan ɓantare a gefe."

"Wa ya ɓantare shi?"

"Wadda na gada, doña Fermina, matar don Anacleto. Allah ya jiƙanta, ita ta kawo ni aikin nan kafin ciwo ya kwantar da ita."

Kuku Wilber ya tare Saja da ludayi a hannu. Ƙato ne, bakinsa ba ya hutawa, kowace mace mamita yake ce mata, wato inna.

"Mamita, ɗanɗana miyar nan kafin ki ɗaure ni. A gidan yari ba za su iya ciyar da ni ba, gwamnati ce za ta yi asara."

"Ina makullinka?"

"Ga shi a wuyana. Rabona da kabad ɗin nan tun bikin auren watan Agusta. Ni da tukunya nake hulɗa."

A jikin bango akwai ƙusa inda ake soke takardun odar abinci. Saja ta zare na jiya ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta tsaya a kan guda. Ƙarfe sha ɗaya na safe: kifin kogi ɗaya da man shanu da lemun tsami, da baƙin dankali. Tebur na sha uku. Ta leƙa ɗakin cin abincin, mai manyan tagogi da ke kallon dutse mai ƙanƙara, ta ƙirga teburan sau biyu.

"Wilber, sha biyu na gani. Ina na sha uku? Kuma wa ke cin abinci a nan da sha ɗaya, alhali sai ɗaya kuke buɗewa?"

"Ni kuku ne, mamita. Takarda ta zo, na dafa."

"Rubutun wa ne?"

Ya juya mata baya yana goge ido, wai albasa ce ta dame shi. Babu albasa ko ɗaya a kan katakon.

Saja ta gangara gari a ƙafa. Gidan don Anacleto na bayan coci, ƙofa a buɗe kamar ta kowa a wannan rana. Mu a Yanque, da rana tsaka ranar ɗaya ga Nuwamba mamatanmu ke dawowa gida, sai rana tsaka ta washegari su koma. Kowa na shirya musu tebur da abin da suka fi so: burodi mai siffar jariri, dafaffiyar masara, ganyen koka da muke taunawa, kyandir. Teburin farko bayan rasuwa shi ne babba.

Na don Anacleto ya sha bamban. Farin ƙyalle ne a goge, kujera ɗaya, hoton doña Fermina da hularta mai ado jingine da kofin gilashi. Ga farantin mai bakin zinariya, kifin a kai. Wuƙa a dama, cokali mai yatsu a hagu. Tsohon na tsaye a bayan kujerar cikin baƙar kwat da farar safar hannu, hannu ɗaya a baya.

"Shigo, 'yata," ya ce a hankali. "Ki yi haƙuri, ina kan aiki."

"Na gani, Baba."

"Wa ya faɗa miki?"

"Ba wanda ya faɗa. Ɓarawon azurfa aljihun tebur yake kwashewa, ba ya ɗaukar kayan mutum ɗaya. Ba ya tsallake lafiyayyun farantai ya zaro mai ɓantara. Wuƙar kifi ta ɓata, an dafa wa teburin da babu shi kifi, kuma a jiya. Sai na tambayi kaina, wa ya yi baƙo jiya da rana tsaka?"

Tsohon ya yi murmushi.

"Shekara ashirin da shida tana wanke farantan nan. Ba ta taɓa zama a ɗakin ba. Kifin nan ƙanshinsa kawai ta sani, daga ragowar baƙi. Kullum tana tsokanata, wai Anacleto, yaushe za ka ja mini kujera ka yi mini wannan rusunawar da kake yi wa Turawa? Ni kuma in ce gobe. Haka na yi ta cewa gobe har watan Maris."

"Me ya hana ka roƙi manaja?"

"Hutun ma da ƙyar ya ba ni. Na ce zan mayar yau kafin a lura."

"An lura, Baba. Nélida ake tuhuma. Ta gan ka, ina jin, amma ta ƙi buɗe baki. Za a kore ta."

Fuskarsa ta sauya. Ya dafe ƙirji, ya dubi hoton, ya miƙa hannu zai ɗauke farantin.

"Fermina, yafe mini. Yarinyarki ce, ba zan bari ba."

Saja ta riƙe hannunsa. Ta dubi agogo: sha biyu saura ashirin. Tausayi ya cika ta.

"Manaja ya ce ƙarfe ɗaya. Bar ta ta gama cin abincinta."

Ta cire hula ta tsaya a bakin ƙofa. Da ƙararrawar coci ta buga sha biyu, don Anacleto ya ja kujerar baya a hankali, ya rusuna har ƙasa, ya raka baƙuwarsa zuwa ƙofa. Sannan ya cire safar hannu ya shiga tsakar gida da kayan.

Ɗaya saura kwata suka isa otal. Tsohon bai bari Saja ta yi magana ba, shi ya faɗi komai a gaban ma'aikata, ya ajiye makullinsa a kan tebur. Valdivia bai yi irin ihun da ya saba ba. Ya juya farantin, ya shafa ɓantarar da babban yatsa. Daga baya muka ji cewa shi ma bara ya binne mahaifiyarsa.

"Wannan ai ba ya hawa teburin baƙi," ya ce, a karon farko da ƙaramar murya. "Tafi da shi gida. Ɗauki makullinka. Baɗi ka tambaya." Ya juya ga Nélida. "Señora, na yi miki laifi. Ki yi haƙuri."

Nélida ta goge hawaye da bayan hannu, ta tattara wuƙa da cokali da kofi za ta kai wurin wanke-wanke, kamar yadda ta saba.

"Bari, 'yata," in ji don Anacleto. "Na riga na wanke. Shekara ashirin da shida tana wanke na mutane, yau ni na wanke nata."