Allon Da Aka Kafa A Rugar Ɓoɗejo

Ranar da Musaddiq ya fara ganin Halimatussa'adiya, korarta ya je yi.

Shi ne sakataren Ƙungiyar Zumuncin 'Yan Kasuwar Keffi da Turkiyya, kuma in za a faɗi gaskiya shi ne ƙungiyar gaba ɗayanta. Manya suna da suna, shi yake da zufa. Shi yake rubuta wa kamfanonin can, shi yake tarbo baƙi daga filin jirgin Abuja, shi yake zagayawa da su rumbunan riɗi, shi kuma yake lallashin dillalan gari su zo taro a kan lokaci, aikin da ya fi duk sauran wahala.

A ranar ya shirya baje koli, ya jera rumfuna, ya sa an goge kujeru har suna ƙyalli. Sai kawai ya waiga bai ga baƙinsa ba. Can ya hango su a bakin ƙofa sun kewaye wata yarinya mai talla da kular sanyaya kaya, kowa riƙe da robar kindirmo yana kaɗa kai.

Ya ƙarasa da tafiyar masu muƙami. "Malama, nan ba wurin talla ba ne."

"To ka gaya wa baƙinka," ta ce, tana miƙa wa wani roba. Sannan ta ɗago ta dube shi.

Bawan Allah ya nemi sauran maganar da ya taho da ita ya rasa. Kafin a tashi ya san ta gama jami'a a nan Keffi, ta karanta kiwon dabbobi, tana tattara nonon mahaifiyarta da na matan rugarsu tana kai kindirmo ofisoshi. Ya karɓi lambarta da sunan ƙungiya, kuma ita ma ta san ba ƙungiya ce take so ba.

Da yamma ya tura mata: "Assalamu alaikum. Sakataren da ya kore ki ne. Baƙi sun ce sai sun ƙara. Ni ma haka."

Amsa ta zo: "Wa alaikumus salam. Baƙi su zo gobe. Kai kuma, Malam, nan ba wurin talla ba ne."

Daga nan aka fara. Ta laƙaba masa Sakatare, shi kuma ya yanke dogon sunanta ya mayar Sa'ata. Motarsa ta haddace hanyar rugarsu da ke kan titin Nasarawa, har karnukan wurin suka daina yi mata haushi. Mahaifinta, Ɓoɗejo, dattijo ne dogo marar yawan magana, wanda in ka gaishe shi zai amsa ya tambayi gida, shi ke nan an gama hira. Mahaifiyarta Inna Hansai kuwa ba ta bari ya tafi sai da ƙwaryar fura.

A gidansu da ke unguwar Liman Abaji ne aka fara samun cikas. Mahaifiyarsa, Hajiya Rahamatu, ta saurare shi har ya gama, ba ta katse shi ba.

"Ba yarinyar nake ƙi ba," ta ce. "Amma mutanen nan in za su tashi ba sa sallama. Wata rana za ka je ka tarar da toka da kashin shanu, ka dawo min nan kana rama. Ni ɗa ɗaya gare ni."

Ya yi dariya ya ce ai zamani ya canja. Ita ba ta yi dariya ba.

Da damina ta kusa, Turkawan suka rubuto cewa suna son su gwada kafa wurin sanyaya madara kusa da makiyaya. Musaddiq ya ga dama ta samu, zai yi wa ƙungiya aiki, ya kuma nuna wa surukin da yake nema cewa ba zaman ofis kawai ya iya ba. Ya nemi izinin kawo baƙi ruga, Ɓoɗejo ya ce baƙo ai rahama ne.

To, ƙungiyar tana da wata al'ada. Duk inda tawaga ta taka, sai an kafa allo mai tutocin ƙasashen biyu an ɗauki hoto a gabansa an tura can. In babu hoton, a wurin mutanen can ba a yi ziyara ba. An saba yin sa da katako, a cire bayan an gama. Amma wannan karon Alhaji Zailani, mataimakin shugaban ƙungiyar, ya ce a bar masa, shi zai ɗauki nauyi. Zailani dillalin filaye ne, mutum mai fara'a wanda ba ya duban fili sai ya auna shi da ido. Ya taɓa aika wa Ɓoɗejo maganar auren Halimatussa'adiya aka ba shi haƙuri, kuma ya karɓi haƙurin da murmushin da ya fi fushi ban tsoro.

Allon da ya kawo na ƙarfe ne, da ƙafafu masu kauri. Har da magina da buhun siminti.

Musaddiq yana can yana fassara wa baƙi, ya hango ana haƙa rami a bakin makiyaya, ya ce a ransa Alhaji ya yi ƙoƙari. Halimatussa'adiya tana cikin mata tana zuba nono. Lokacin da ta fito an riga an zuba simintin. Ta tsaya da ƙwarya a hannu ta dubi allon, ta dubi mahaifinta, ta juya ta koma ba ta ajiye ƙwaryar ba.

Ɓoɗejo ya tsaya aka ɗauki hoton da shi, ya raka baƙi har mota, sannan ya sa aka kamo rago mai kyau aka ba Musaddiq. Ɗan birni ya koma gida yana ta murna, yana gaya wa Hajiya cewa magana ta kusa faɗawa. Hajiya ta dubi ragon ta ce ita dai kyautar da ba a faɗi dalilinta ba ba ta kwanta mata.

Daga ranar abubuwa suka fara sauyawa, a hankali, ta yadda in ka faɗa za a ce ka cika zargi. Ya je ruga ya ga garken ya ragu, aka ce samari sun kai su kiwo nesa. Ya koma ya ga ƙoren Inna Hansai da ke jere a ɗaki an kife su an ɗaure da igiya, aka ce ƙura ake gudu. Karnuka ma ya daina ganinsu. Kindirmo ya daina zuwa ofisoshi, har ma'aikata suka fara tambayarsa.

Ya tura mata: "Sa'ata, lafiya kuwa? Kwana biyu muryarki ba ta yi min daidai ba. In laifi na yi ki faɗa min, zan ɗauka."

Sai washegari ta amsa: "Lafiya lau."

Babu Sakatare, babu tsokana. Tsoro ya shige shi sosai, irin wanda mutum ba ya sanin ta inda zai tare shi. Ya bar takardun riɗi a kan tebur ya kasa karanta ko layi.

Sannan wani saƙon ya shigo: "Kada ka ƙara zuwa. Ka yafe min."

Ya ɗauki makulli ya tafi. Ya same ta a bakin rafi tana wanke robobin da ba za ta ƙara cikawa ba. Ba ta yi mamakin ganinsa ba, ta dai ci gaba da wankinta tana ba shi labarin da bai taɓa nema ba. A Karu aka haife ta. Wata safiya suka tashi suka ga allo a makiyayarsu, kafin shekara ta zagayo gidaje sun tsiro a wurin. Suka dawo Mararaba, allo ya biyo su. Suka matso Masaka, ya sake biyo su. Abuja tana tafiya a bayansu, kuma kullum allo take fara aikowa. Baffa, wato mahaifinta, ba ya jayayya da allo, in ya gan shi sai ya fara tura shanu gaba. Yanzu Taraba za su, da ita.

Ta ƙara da cewa Zailani ya dawo bayan ziyarar, ya gaya wa Baffa an ba Turkawa filin kuma Musaddiq ne ya shirya komai, amma shi yana da wani filin da zai ba su in aka sake duba maganarsa. Baffa ya ba shi nono ya sallame shi. Ragon nan kuwa na ban kwana ne.

"Ka san abin da allon yake nufi?" ta tambaye shi.

"Wallahi ban sani ba, Sa'a."

"Na yarda. Shi ne ma ya fi yi min ciwo." Ta share ido da gefen mayafi. "Duk zuwan da kake yi, ka tambayi yawan madararmu, ka tambayi irin ciyawarmu, ba ka taɓa tambayar daga ina muka fito ba."

Ya san gaskiya ta faɗa.

Bincike bai ba shi wahala ba. Hoton yana yawo a wayoyin masu neman fili daga Abuja, tutoci biyu da dattijo tsaye a gefe, da bayanin cewa ga unguwa za ta tashi kusa da masana'antar Turawa, a nemi Alhaji Zailani. Ya kai maganar gaban manyan ƙungiya. Suka girgiza kai, suka yi Allah wadai, sannan suka ce a rufa wa juna asiri har a gama cinikin riɗin bana, kada baƙi su ji ƙungiya da rigimar fili su janye. Shugaba ya tuna masa cewa kujerar sakatare ba gado ba ce.

Musaddiq yana son aikinsa, shi ya raine shi tun ba kowa a ofishin sai shi da fanka. Amma ya fita daga taron ya kira shugaban tawagar Turkawan ya gaya masa komai, bai rage ba. Mutumin ya ce za su dakatar da maganar madarar, kuma ba za su ƙara zama teburi ɗaya da Zailani ba. Sauran kuma sai abin da suka gani.

Da safe ya ari diga a wurin maƙwabci ya nufi ruga.

Ya tarar an yaye bukkoki saura ƙirare tsaye, babbar mota ta ja baya ana loda kaya, ba saniya ko ɗaya sai wasu 'yan maruƙa a ɗaure. Bai gaida kowa ba, ya tuɓe babbar riga ya fara sara gindin allon. Simintin Zailani ba na wasa ba ne. Hannun da ya saba da biro ya yi bororo, bororon ya fashe, rana ta take, shi bai tsaya ba. Mata suka bar ɗaurin kaya suna kallo. Wani ya yunƙura zai taya shi, Ɓoɗejo ya ɗaga hannu ya hana.

Sai wajen azahar allon ya karkata ya faɗi da ƙara.

Dattijon ya kira shi kan tabarma, ya sa aka kawo masa ruwa, ya jira ya sha.

"Na ga abin da ka yi," ya ce. "Yanzu na san ba da hannunka aka ci ni ba. Amma shanu sun yi gaba, kuma idon da ya ga filin nan ya riga ya gani. Ka tumɓuke wannan, wani zai kafa nasa. Ni tafiya zan yi."

Musaddiq ya sunkuyar da kai. Ya ji komai ya ƙare, ya ji maganar Hajiya tana dawo masa.

"Ita kuwa yarinyar nan," Ɓoɗejo ya ci gaba, yana duban wani wuri, "karatunta a nan yake, sana'arta a nan take. Uwarta ta ce min ta daina cin abinci. Ban kiwata dabba da yunwa ba, ba zan fara da mutum ba. Ka je ka turo manyanka. Jibi motar za ta tashi."

Hajiya Rahamatu ta ga hannuwan ɗanta kafin ta ji bayaninsa. Ta shafa masa man kaɗe tana faɗa, ta gama faɗan ta ɗauki waya ta tashi ƙannen mahaifinsa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce mutumin da ya bar maka 'yarsa alhali yana kan hanya, ba a sa shi jira. Manyan ƙungiya ma, da suka ga Turkawa ba su fasa sayen riɗi ba kuma babu mai iya rubuta musu sai Musaddiq, suka manta da maganar kujera suka aiko da goro.

Da yamma wayarsa ta yi ƙara: "Sakatare, an ce hannunka ya kumbura. Ka bari na zo ni zan riƙa ba ka abinci."

Ya amsa da yatsa ɗaya: "Sa'ata, in haka ne ba na son ya warke."

Aka ɗaura auren da hantsi a tsakiyar rugar da aka gama yayewa, 'yan Liman Abaji da manyan riguna a kan tabarmin da za a naɗe da zarar an shafa fatiha. Liman ya yi addu'a mai tsawo, ya roƙa wa ma'aurata zaman lafiya da zuriya ta gari, ya roƙa wa matafiya sauka lafiya. Amin ɗin da aka amsa rabi murna ce rabi kuka. Inna Hansai ta rungume 'yarta ta kasa sakinta, sai da mata suka raba su.

Ɓoɗejo ne ya rage. Ya sa ƙafa ɗaya a matakin mota, sai ya tsaya. Halimatussa'adiya ita ce 'yar farinsa, tun da aka haife ta bai taɓa kama sunanta ba, daga yarinyar nan sai ke. Ta durƙusa a gabansa lulluɓe, Musaddiq na gefenta.

Dattijon ya ɗora hannu a kanta.

"Halimatussa'adiya," ya ce, a hankali, bai tsallake ko harafi ba. "Allah ya yi miki albarka, ke da mijinki. Ki zauna. Ke kam kin iso."