Tayar Hagu Ta Gaba

Ranar Asabar da hantsi Loretta Hruska na zaune a kicin tana ɓare masara, 'yarta Renee kuwa ta kafe a bakin taga. A ƙofar gareji wata jar mota ce mai kujera biyu, sabuwa fil, an ɗaga ta a kan jak. Wendell, malamin firamaren da ke neman auren Renee, yana durƙushe yana canza mata tayoyi.

"Mama, ki bar ni in je in duba masa mana!"

"Ko taku ɗaya. Ubanki shekara talatin yana tseren mota, har ya koma ga Allah bai taɓa miƙa wa wani sifanarsa ba. Mai son 'yar gidan nan shi zai shirya motarsa da hannunsa, ya yi zagaye uku gobe a gaban idona. In ya kasa, ya nemi 'yar wani gidan."

"Don ni fa ya sayi motar nan!"

"To ni na aike shi?"

Curtis, wan Renee, ya kwashe da dariya. "Ji yadda ya riƙe sifana kamar alli!" Shi dama ba ya ƙaunar auren, don in aka tafi da ita Omaha, aikin garejin ubansu shi kaɗai zai rage wa.

Lahadi ta waye da hadari. A tsohon filin jirgin bayan gari an jera robobin nan masu tsini sun zama hanya, mota ɗaya-ɗaya ke shiga, agogo na ƙirga mata. Wurin ba ma'aikata, direbobi ne ke raba aiki tsakaninsu, kuma duba lafiyar motoci ya faɗo kan Curtis. Da ya zo kan motar Wendell, ya kama tayar hagu ta gaba ya girgiza, sai ya ji ta motsa. Ashe Wendell a sama ya ɗaura notocin, da ya sauke motar bai sake matse su ba.

"Lafiya dai, Yaya Curtis?" in ji Wendell.

Curtis ya saki tayar. "Lafiya lau, Malam." Ya manna sitikar shaidar lafiyar mota a gilashi. A ransa ya ce, wannan mai tafiyar kunkurun, iyaka tayar ta yi rawa ya tsaya a yi masa dariya.

Da aka fara, aka tura Curtis gadin kwanar ƙarshe, can nesa kusa da wani turken siminti, da jar tuta a hannu. Motar Wendell ta fito da lamba 47 ta salatif a ƙofa. A hankali ta wuce shi, ya ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. A zagaye na biyu ƙarar ta ƙaru. Wendell na cikin hular kwano, tsoro ya toshe masa kunne, bai ji komai ba.

Da ya dawo bakin layi jiran zagaye na uku, Loretta ta taɓe baki. "Ni da keken cefane na fi wannan sauri."

"Ba wanda ya nuna masa hanya ne," in ji Renee, ta ɗauki hularta. "Tun safe na rubuta sunana direba ta biyu."

"Ke! Me na ce miki?"

"Sifana kika hana ni, Mama, ba sitiyari ba."

In mutum biyu suka haɗa mota, na biyun yakan liƙa ɗaya a gaban lambar. Daga can nesa Curtis ya hango jar motar a bakin layi, a ƙofarta 147. Mutum ɗaya ce za ta shiga motar Wendell, ƙanwarsa Renee, kuma ya san tuƙinta, ba ta taka birki sai ta ga ƙwayar idon kwana. Ya waiga ya dubi turken.

Motar ta taso da kuka. Curtis ya yi ihu, iska ta kwashe. Sai ya keta robobin ya shiga tsakiyar hanya, inda doka ta hana kowa takawa, yana kaɗa tutar da hannu biyu.

Ƙiii! Motar ta ja birki, ta karkace, ta tsaya taku uku a gabansa. Tayar ta kwanta gefe, notoci biyu sun tafi, ukun suna reto.

Jama'a suka sheƙo. Shugaban ƙungiyar direbobin ya ce, "Wa ya duba motar nan?"

Curtis ya zube a kan kwalta yana kuka. "Ni ne. Na ji tana motsi, na yi shiru. So na yi ya ji kunya... Mama, ban san ita za ta shiga ba!"

"Da shi ne a ciki fa?" in ji Renee, hawaye na zuba. "Shi ba ɗan mutane ba ne?"

Kowa ya juya ga Wendell. Ya miƙa hannu ya ɗaga Curtis. "Ni na fara kuskure da ban matse ba. Shi kuma ya tsaya gaban mota da ƙirjinsa. Ku yi masa hukuncinku, ni dai na yafe."

Aka dakatar da Curtis shekara guda. Loretta ta dubi tayar, sannan ta gyara tsayuwa ta fuskanci Wendell.

"Zagaye uku na ce, biyu ka yi."

"Haka ne, Mama."

"Na bar maka ɗayan. Amma a cocinmu za a yi bikin, kuma duk ƙarshen wata ka kawo min ita. Ba ragi."

"Na yarda."

Da kaka aka yi auren, Curtis ne ya riƙo hannun amarya har gaban fasto.

'Yan mata da samari, ku ji da kyau. Wanda ya ga haɗari ya yi shiru don ƙiyayya, bai san wa zai hau kujerar ba. Haƙuri kuwa ya ba Wendell matar da gudu bai ba shi ba.