Kada Ka Sa Ƙafa a Ruwan Nan

Amarya tana ninke tufafi cikin jaka, sai surukarta ta bankaɗe labule ta shigo.

"Wato da gaske bakin kogi za ki kai mini ɗa?"

"Umma, wikend ne fa, kwana biyu kacal. Wata takwas Malam bai huta da makaranta ba..."

"Wikend! Ruwa ya cinye ubansa ina goye da shi. Ke kuwa daga shigowarki gidan nan sai ruwa!"

Idanun Amarya suka cicciko. Mijinta, Malam, ya yi lallashi har ya gaji. A ƙarshe Umma ta ce ƙafarsu ƙafarta.

Kwarin da suka je ya yi kyau matuƙa. Duwatsu sun kewaye shi, ciyawa kore shar, kogi na tafiya a hankali. Suka bar mota, suka haye wata 'yar gadar katako, suka shimfiɗa tabarma. Umma ta juya wa kogin baya, ko abinci ba ta taɓa ba.

Da la'asar Malam ya koma mota ɗauko mata maganin hawan jini. Yana hayewa sai aka ji ruri kamar na tirela. Ashe an tafka ruwa a kan duwatsu! Kafin a ce me, jan ruwa ya shanye gadar.

Umma ta ƙwalla ƙara, ta sulale ƙasa. Daga ɗaya gaɓar Malam ya hango ta, ya fara naɗe wando.

Amarya ta ruga bakin ruwa.

"Malam! Kada ka sa ƙafa! Wallahi in ka shigo ban yafe ba! Ina tare da ita!"

Ya tsaya cak, hannu biyu a ka.

Ta goya Umma da ƙyar har kan tudu, ta lulluɓe ta da gyalenta, tana yi mata fifita.

"Ya shiga?" in ji Umma, murya can ƙasa.

"Bai shiga ba, Umma. Ga shi can tsaye."

Sai dab da magariba ruwa ya lafa, masunta suka zo da kwale-kwale suka tsallakar da su. Da suka sauka Malam ya miƙo wa mahaifiyarsa hannu, amma ta ƙi sakin na Amarya.

"'Yata, ki yafe mini. Tsoro ne ya sa nake miki haka."

Amarya ta fashe da kukan da ta daɗe tana haɗiyewa.

Ba kowace zazzafar maganar babba ce ƙiyayya ba, wata tsohon ciwo ce. Wanda ya yi haƙuri da ita yakan ga ranar da za ta huce.